Jan Biro a Hawa na Sha Huɗu

Aikina kama kuskure a littattafan wasu.
A turo mini labari, in bi shi harafi-harafi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
nan unguwar Mapo, hawa na sha huɗu,
inda tagata ke kallon wata taga
da ban taɓa ganin an buɗe ba.

Makon nan na Ok Tae-seop ne, shafi ɗari uku da tara.
Jarumin ya farka, an gaya mini sunan agogon da ya tashe shi,
da kamfanin katifa, da na man goge baki,
da takalmin da ya kwana a layi a Seongsu don ya saya,
ruwan sama na dukansa,
lamba tamanin da biyu na jiƙewa a tafin hannunsa.
Yarinyar da yake so ma
ban san ko tana dariya ba, jakarta dai na sani,
da shekarar da aka ɗinka ta, da kuɗinta.
Sun rabu ta waya a shafi na ɗari da sittin.
An faɗi ƙirar wayar.
Abin da ta ce masa, oho.

Na ƙirga, don ƙirga ce cutata:
tambari ɗari biyu da sha ɗaya.
Uwarsa ta kira sau bakwai daga Mokpo, bai ɗaga ba.
“Tsohuwa” kawai ake ce mata,
har ta rasu cikin layi biyu da rabi.

An ce suna linzami ne.
To, bakin wa aka sa wa a nan, wa kuma ke ja?

Na ɗauki jan biro na rubuta a gefe:
Yaya sunan mahaifiyarsa?
Ba hurumina ba ne, na sani.
Aya da waƙafi aka biya ni.

Tukunyar shinkafa ta yi magana daga kicin
da muryar mace mai ladabi: abinci ya nuna.
Na ce na gode. Tun ranar Talata
ita kaɗai ta ji muryata.
Kuma kada in yi muku ƙarya, na haddace sunan kamfaninta,
wata uku ina gwama ta da 'yan uwanta kafin in saya,
wata ukun da ban nemi ƙanwata ba
bayan ta tare a Daegu.

Ƙarfe uku da kwata na dare waya ta yi haske.
“Malama Pyo, sau huɗu na gwada raɗa mata suna.
Kowanne na sa, sai ya rikiɗe ya koma na tawa uwar,
in rufe kwamfuta, in fita bakin kogin Han har gari ya waye.
Sunan takalmi bai taɓa sa ni kuka ba.
Ki bar shi haka.”

Na bar shi haka.
Na gyara masa waƙafi uku a shafin jana'iza.

Da asuba na ji takun ɗan aike.
Yakan ajiye kwali, ya ɗauki hoton ƙofa, ya ɓace,
shekara biyu ni a wurinsa ƙofa ce mai lamba shida.
Yau na buɗe kafin ya miƙe.
Ya razana, ya duba kwalin ko ya fashe.
Na ce ba komai, sunanka nake tambaya.
Ya yi shiru kamar mai lalube a aljihu,
ya ce Bong-gil,
lif ya haɗiye shi.

Na durƙusa kan kwalin zan rubuta kar in manta,
sai na ga abin da ke hannuna.
A garin nan ba a rubuta sunan mai rai da ja.
Na bar ƙofa a buɗe, sanyi na shigowa,
ina zazzage durowa, ina neman baƙin biro.